Tambayi Bakanike: Golf ɗina na tafasa ruwa in na tsaya a kasuwa

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni direba ne, Golf 3 nake ja, ina lodin fasinja daga Gumel zuwa Maigatari musamman ranar Alhamis. Tunda zafin nan ya shigo motar take min obahitin, in ina gudu a titi allurar zafi na zaune lafiya amma da na shiga cunkoson kasuwa sai ta hau har ruwa ya tafasa, kuma kullum da safe sai na ƙara kusan gora ɗaya na ruwan rijiya. Wani ya ce a cire tamostat, wani ya ce gasket ne a sauke top. Wanne zan bi? Daga wani ɗan uwanku a Gumel.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya tsare hanya. Kar ka bari a sauke maka top, wato kan injin, tukuna, don bayanin da ka yi da kanka ya nuna inda za a fara dubawa. Motar da ke sanyi in tana gudu ta yi zafi in ta tsaya, fanka ake fara tuhuma, saboda a titi iska ce ke ratsa lagireto da kanta, a cunkoso kuwa ba mai yin wannan aikin sai fanka. Fankar Golf ta lantarki ce, to ka ta da motar a tsaye ka zuba ido, in allura ta wuce 90 tana ta hawa fanka ba ta juya ba, je wajen mai wayarin ya duba fiyus da rile da suwic ɗin da ke jikin lagireto, sau da yawa abu ne ƙarami. Ka kuma leƙa fuskar lagireton, ku da kuke bin hanyoyin ƙauye ƙura da ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa suna toshe ta, a wanke daga baya zuwa gaba amma ba da ruwa mai ƙarfi ba don kar haƙoran su lanƙwashe.

Gora ɗayan nan da kake ƙarawa kullum ita ta fi damuna wallahi, don lafiyayyar mota ba ta shan ruwa haka. Wataƙila tafasar ce ke zubar da shi, wataƙila kuma yoyo ne. Ka kwanar da ita a busasshen wuri ka duba ƙarƙashinta da asuba, ka shafa tiyoyi da bakin kilif, ka duba gindin famfon ruwa na injin (wata famfo) ko akwai alamar ɗiga ko farin gishiri-gishiri. Sannan murfi, mutane suna raina shi ƙwarai. Ita Golf murfinta na kan robar ruwa ne, kuma shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, in robarsa ta mutu ko an ɗaura leda a wurin to ko komai lafiya ne sai ta yi amai.

Gasket kuwa, wato shimfiɗar da ke tsakanin top da gangar injin, in ya lalace yana da shaidunsa. Da safe injin na sanyi ka buɗe murfin ka ta da mota, in ka ga kumfa na ɓulɓulowa ba tsayawa, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko farin hayaƙi bai daina fita a salansa ba bayan inji ya ɗumama, to nan ne za a yi maganar top. In ba ka ga ko ɗaya ba ka riƙe kuɗinka.

Maganar cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi, ni ba na goyon baya duk da na san ya zama al'ada a garejojinmu, ɓoye ciwo ne kawai, motar za ta ƙara shan mai kuma asalin matsalar na nan. Gwada shi ba wuya, a jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, ya kamata ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, in ya ƙi sai a sayo wani, akwai su a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano.

Ruwan rijiya da na burtsatse kuma shi ke tara tsatsa da dattin da ke toshe lagireto ta ciki, ka sa a wanke ta a zuba kulant, wato ruwan sanyaya inji na musamman. Kuma don Allah in ta tafasa maka a hanya kar ka buɗe murfi nan take, na ga yaran mota da yawa da tabon ƙuna a hannu da fuska, kar kuma ka kwara ruwan sanyi a kan injin don top na iya lanƙwashewa. Ka gangara gefe ka kashe ta, ka ba fasinja haƙuri ku jira kamar rabin awa, sannan ka sa tsumma ka kwance murfin a hankali.