Kun Tambaya, Mun Amsa: Mata da Ragamar Ƙungiyoyin Agaji na Duniya

Tambaya: Na ji an ce sai a 2022 mace ta fara shugabantar Red Cross. Gaskiya ne? Kuma wa ke naɗa irin waɗannan shugabanni? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Gaskiya ne, 'yar'uwa, amma Red Cross ɗin biyu ce. Kwamitin ICRC, mai shiga fagen yaƙi, tun kafuwarsa a 1863 bai taɓa samun shugaba mace ba sai Oktoban 2022, da Mirjana Spoljaric ta hau. Majalisarsa 'yan Suwizalan ne zalla, kuma su ke zaɓo wanda zai shigo cikinsu, shi ya sa ƙofar ta daɗe a rufe. Tarayyar IFRC kuwa, mai haɗa ƙungiyoyin Red Cross da Red Crescent na ƙasashe, Astrid Heiberg ta jagorance ta daga 1997 zuwa 2001.

A Majalisar Ɗinkin Duniya kowace hukuma da tsarinta. Shugaban hukumar 'yan gudun hijira, Babban Sakatare ke gabatar da suna, Babban Zaure ya amince. Ta haka Sadako Ogata ta Japan ta hau a 1991. Na hukumar abinci ta WFP, Babban Sakatare da shugaban hukumar noma ta FAO ne ke naɗawa tare, na shekara biyar. A nan mai kuɗi ke da baki: Amurka ta fi kowa zuba gudummawa, kuma mutum shida da aka naɗa daga 1992 zuwa 2023 duk Amurkawa ne, huɗu mata.

Tambaya: Shekarata huɗu ina aikin agaji. Ta ina zan bi in kai matakin shugabanci? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

Amsa: Malama, kujerar ƙoli ta siyasa ce, kada ki ɗora lissafinki a kanta. Ki sa ido kan shugabancin ofishin ƙasa, domin can ake yanke shawarar inda motar abinci za ta nufa.

Ga yadda tsanin muƙaman ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya yake: matakin P-2 na neman gogewar shekara 2, P-3 shekara 5, P-4 shekara 7, P-5 shekara 10, galibi da digiri na biyu. Ke yanzu P-3 ne a gabanki. Ki ƙara Faransanci ko Larabci a kan Turanci. Sannan ki nemi aikin da za ki riƙe kasafin kuɗi da ma'aikata, ko da ƙarami ne. Mata da yawa suna daɗewa a kujerar mai ba da shawara kan jinsi ko abinci mai gina jiki. Aiki ne mai daraja, amma ranar tantancewa abin da za a tambaye ki shi ne dala nawa kika sarrafa, mutum nawa ke ƙarƙashinki.

Inda tsanin ya fi karyewa shi ne tsakanin P-3 da P-5. Ƙarin girma na zuwa ne daga wuraren rikici, waɗanda ba a yarda a kai iyali ba, sai dai hutu duk bayan mako huɗu zuwa takwas a mafi tsananinsu. Lokacin kuma ya zo daidai da shekarun goyo. Shawararmu, ki yi irin wannan zango da wuri idan hali ya yi, ki kuma zauna da maigida ko iyaye a tsara rainon yara tun kafin takardar aiki ta iso.

Tambaya: To wai me zai canza idan mace ce a sama? Daga wani malamin makaranta.

Amsa: Malam, dubi Catherine Bertini, wadda ta riƙe WFP daga 1992 zuwa 2002. Ta dage a riƙa damƙa rabon abinci a hannun mata, domin buhun da ya shiga hannun uwa ya fi saurin isa tukunya. Dubi kuma Afganistan: da Taliban ta hana mata aiki da ƙungiyoyin agaji a Disambar 2022, wasu manyan ƙungiyoyi sun dakatar da ayyukansu, saboda namiji ba zai shiga ɗaki ya auna damtsen jariri ko ya duba mai ciki ba.