Kuɗin cinikina sun jiƙe, yaya zan shanya su?

Tambaya: Malam, ruwa ya shiga aljihun teburin da nake ajiye ciniki, takardun kuɗi suka jiƙe sharkaf, wasu har sun manne da juna. Maƙwabcina ya ce in bi su da dutsen guga. Yaya zan yi?

Amsa: Allah ya kiyaye gaba, ɗan'uwa. Ka ajiye dutsen gugar nan tukuna, domin zafi ya fi ruwa yi wa kuɗi ɓarna. Yawancin takardun kuɗi da auduga ake yin su. Dalar Amurka kashi 75 cikin 100 auduga ce, Yuro kuwa auduga zalla, shi ya sa suke jure jiƙa. Akwai kuma na leda, waɗanda Ostireliya ta fara fitarwa a 1988, Ingila ta bi sahu a 2016. Waɗannan gogewa da ƙyalle ya ishe su, amma dutsen guga na taɓa su za su tsuke su narke. Na'urar ɗumama abinci kuwa kada ma ka kusance ta, tana iya ƙona su ƙurmus.

Ka yanke robar da ka ɗaure su da ita, ka raba su ɗai-ɗai a hankali. Shimfiɗa su kan busasshen tawul, rufe da wani, ka danna da tafin hannu ba tare da gurzawa ba. In tawul ɗin ya sha ruwa ka sake wani. Daga nan ka bar su a inuwa inda iska ke kaɗawa, ka danne gefen kowace da wani abu don kada fanka ta watsa su. In sun kusa bushewa, sa su ƙarƙashin littafi mai nauyi su miƙe.

Waɗanda suka manne su ne abin lura, nan gaggawa take jawo asara. Kada ka ja da ƙarfi. Mayar da su cikin ruwa mai tsabta, su ɗan jima, za ka ga gefensu ya fara saki da kansa. Kuma kada ka bar su a dunƙule da danshi, cikin kwana biyu fumfuna na iya kama su. In ruwan ƙazanta ne, sa safar hannu.

Wadda ta yage, adana kowane guntu a ambulan ka kai banki. A Amurka da ƙasashen Yuro ana canza takardar da fiye da rabinta ya rage. Ka tambayi bankinka nasu sharaɗin kafin ka liƙa mata komai.