Amsa ga mai tambaya kan komawa VPS da cPanel

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka: kana gina wa makarantu da 'yan kasuwa shafuka a nan Sakkwato, hostin na haɗaka, wato inda shafukan mutane da yawa ke zaune a kan sabar ɗaya (na'urar da ke ɗauke da shafuka), ya fara matse ka, kana so ka kama VPS ka ɗora cPanel, shin riba ce ko wahala. Bari in faɗa maka abin da na gani a wannan sana'a.

Abu na farko, raba kuɗin VPS da kuɗin cPanel a lissafinka, domin kaya biyu ne daban. VPS yanki ne da aka yanka maka daga babbar na'ura, da RAM ɗinka da faifanka, kai ke riƙe da makullin root, wato cikakken iko a kansa. Shi kuwa cPanel manhajar sarrafa shafuka ce a kan sabar, kuma lasisinta za ka riƙa biya duk wata, da dala. Da can kuɗi ɗaya ake biya a zuba asusu iya son rai. A 2019 suka koma caji gwargwadon yawan asusun da ke kan sabar, kuma daga nan farashin bai daina hawa ba. Plesk, wata manhaja mai irin aikin cPanel, ma kamfani ɗaya ke riƙe da su, WebPros, kada ka ɗauka gudu daga wannan zuwa wancan tsira ce. Ka haɗa da abin da ya sami naira tun da aka sake ta a Yunin 2023. Kai kana karɓar kuɗin shekara a hannun mai makaranta da naira, su suna cire nasu wata-wata da dala. In ba ka sa tazara a farashinka ba, kafin shekara ta zagayo daga aljihunka kake ciyar da shafin wani.

Lasisin bogi da ake tallatawa da araha, ka nisance shi. Wanda ya fasa manhajar ya ba ka, kai kuma ka buɗe masa root da hannunka, ga bayanan ɗaliban mutane a ciki.

Inda mutane suka fi shan mamaki shi ne kulawa. A haɗaka kamar ɗan haya kake, rufi ya yi yoyo ka kira mai gida; a VPS gidan naka ne, kai ne mai gadi kai ne mai gyara. Cikin dare za a bugo maka a ce shafi ya ƙi buɗewa, ka shiga ka tarar faifai ya cika maƙil da tsofaffin kwafin ajiya da tarin log, wato rubutattun bayanan ayyukan sabar, rumbun bayanai na MySQL ya tsaya don ba shi da inda zai rubuta ko layi ɗaya. Ko ranar da makaranta ta saki sakamako, iyaye su yi ca a kan shafin a lokaci guda, RAM ta ƙare, tsarin da kansa ya kashe rumbun bayanai. cPanel kaɗai yana cin RAM ba kaɗan ba, don haka VPS mai 1GB ɓata kuɗi ne. Ni daga 4GB nake ba da shawara. Ka tambaya kuma da wace fasaha aka yanka VPS ɗin, KVM ce ko OpenVZ. Masu OpenVZ sun fi araha, amma kernel ɗaya, wato zuciyar tsarin na'urar, kuke rabawa, kuma ya fi sauƙi a cusa mutane fiye da kima a na'ura ɗaya. A tsarin Linux da zai tafiyar da sabar, kada ka ɗora CentOS, an daina tallafa wa na 7 a Yunin 2024. AlmaLinux ka nufa.

Imel ma ciwon kai ne na musamman. Kamfanoni da yawa suna toshe tashar 25, ƙofar da imel ke fita ta ciki, ga sabon asusu, kuma tun Fabrairun 2024 Gmail ya tsaurara, in ba SPF ko DKIM, wato shaidar cewa daga gare ka imel ya fito, saƙonka ya koma ko ya faɗa shara. Ka saita PTR, bayanin da ke haɗa lambar IP ɗin sabarka da sunanta, tun ranar farko.

Wurin da sabar take: in masu ziyararka 'yan Najeriya ne, Landan ko Frankfurt sun fi Amurka kusa, ka sa Cloudflare, masu ajiye kwafin shafi kusa da masu ziyara, a gaba tunda suna da cibiya a Legas. Wani ma ya ba ka shawara wai ka kunna sabar a shagonka. Da wutar nan tamu da zafin Afrilu da ke haura digiri 40? Allah ya ba shi haƙuri.

Ra'ayina, in shafukanka ba su wuce goma zuwa sha biyar ba, kuma yawanci WordPress ne marasa cunkoso, ka ɗauki asusun dillanci, wato wanda za ka riƙa yanka wa abokan cinikinka cPanel ɗinsu alhali kamfani ke kula da sabar da lasisin. In dole sai VPS, a madadin cPanel duba DirectAdmin, ya fi sauƙin kuɗi, ko HestiaCP na kyauta in ka saba da baƙin allo, wato buga wa sabar umarni da rubutu. Ka fara koyo a ƙaramin VPS da shafinka na kanka kafin ka kwaso na mutane. Kwafin ajiya kuwa ya riƙa fita zuwa wani kamfani daban kullum, kuma lokaci-lokaci ka gwada dawo da shi ka ga ko yana tashi. Shafuka nawa ne a hannunka yanzu, kuma akwai mai karɓar kuɗi ta intanet a cikinsu?