Amsa: Me ya sa launin CD3 ya ƙi kamawa?

Ɗan'uwa, ka ce kun yi rinin CD3, wato alamar da ke jikin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, don gano su a wani yankin nama, amma a madubin likita ba ka ga komai ba sai shuɗi, wato launin da ke fitowa ko da CD3 bai kama ba. Ni dai kafin na zargi maganin rinin, tambayata ita ce: awa nawa naman ya yi a cikin fomalin, wato ruwan da ke hana nama ruɓewa?

Nan ne yawanci ake samun matsala. Da zarar an ciro naman, a tsoma shi cikin fomalin mai kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka girman naman aƙalla sau 10, kuma a yanyanka shi kada kaurinsa ya wuce milimita 4. Kwana ɗaya ya wadatar. Na taɓa ganin wanda aka manta a kwalba sati biyu. Fomalin ya ɗaure sunadaran tam, har abin da ake nema ya ɓuya.

Shi ya sa bayan an zuba shi a kakin farafin, an yanka shi siriri kamar maikiron 4, an kuma wanke kakin da zailin, dole a dafa gilashin da aka ɗora yankan a kai cikin ruwan sinadarin sitiret mai pH 6, ko na EDTA in ya ƙi. Wannan dahuwar ce ke kwance ɗaurin.

CD3 na nuna ƙwayoyin T, CD20 ƙwayoyin B, CD68 kuma makurofaj, masu haɗiye ƙwayoyin cuta. In ya kama, DAB, sinadarin da ke fito da launin, zai ba ka launin ruwan ƙasa. Ka riƙa haɗawa da yankan tonsil, wato naman da ke gefen maƙogwaro, a kowane zagaye don gwaji, tunda yana ɗauke da waɗannan ƙwayoyin. In shi ma ya fito shuɗi zalla, to ka duba maganinku.