Amsa: Dokina ya mutu, me zan yi da kayansa?

Ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da mafificin alheri. Ka ce kilinka ya mutu kuma mutanen gida na cewa ai dabba ce, ka sayar da kayan kawai. Wanda bai taɓa tashi da asuba ya jiƙa wa doki dusa da kanwa ba, ba zai gane ba.

Ni ma akawal ɗina, wato baƙin dokina, ciwon ciki ya ɗauke shi dare ɗaya, ana saura kwana kaɗan hawan Sallar Gani a nan Daura. Wata guda ina jin kamar haniniyarsa daga barga.

Sirdi dai kada ka ajiye, fata ce, bushewa za ta yi ta tsattsage. Ba wa yaron da ke yi masa ciyawa, shi ma yana cikin rashi, ba a dai tambayarsa ne. Linzami da likkafa kuwa ka riƙe, ƙarfe ne. Nawa na rataye a zaure.

Turken kuma kada ka yi gaggawar ɗaura wani. In ciwon da ya kashe shi bai bayyana ba, a kira likitan dabbobi ya duba wurin tukuna.