Amsa ga ƙanwarmu da ta yi tambaya kan anko ruwan toka

Assalamu alaikum 'yan gurup, da fatan kowa ya tashi lafiya, ya ruwa ya cunkoson Legas. Ƙanwata na ji muryarki tun daren jiya, ban samu na amsa ba ne saboda ina kan keke ina ƙarasa ɗinkin wata amarya har wajen ƙarfe 1. Kin ce kuna da biki a Idi-Araba, an fitar da anko leshi ruwan toka, ke kuma baƙa ce, kin kara shi a jikinki kin ga kamar fuskarki ta mutu, kuma wai an ce miki baƙar mace ba ta sa ja ko ruwan ɗorawa, har kina tunanin ki sayi mai ki ɗan yi haske kafin ranar. To wallahi wannan ta ƙarshen ita ta hana ni barci, amma bari in fara da kalar tukuna.

Shekara 16 ke nan ina ɗinki a nan Agege, na auna mata iri-iri, Hausawa da Yarbawa da Ibo, kuma wanda ya ce miki baƙa ba ta sa ja bai san kaya ba. Baƙar fata ita ce ma take ɗaukar kala mai ƙarfi, ja jawur, ruwan ɗorawa, ruwan goro, kore shar, shuɗi mai haske, shunayya, duk in kika sa su sai ki ga kalar ta fito ke ma kin fito. Ki duba ranar Juma'a in an taso daga masallaci, baƙin mutum cikin farar shadda an buge ta da kyau, ai sai kin sake kallo. Fari ke nan ma fa. Kuma kakanninmu me suka sa? Rinin baba ne, turkuɗi mai ɗaukar ido, baƙi-baƙi a kan baƙar fata, marinar Ƙofar Mata a Kano sama da shekara 500 ana rini a wurin, da bai yi wa mutanenmu kyau ba da tuni an rufe karofin.

Abin da kika gani a madubi kuwa gaskiya ne, ba idonki ba ne. Yadin da ke ƙarƙashin haɓarki haske yana dukansa ya dawo kan fuskarki da kalarsa, to ruwan toka in ya zama mai dishi-dishin nan ba shi da rai, sai ya sa fuska ta yi fururu kamar lokacin hunturu ba ki shafa mai ba. Haka ruwan ƙasa mai duhu yake yi wa wasu, da kakin nan na sojoji. Ba laifin fatarki ba ne, yadin ne bai ba ki komai ba.

Sannan baƙi ma ai ba iri ɗaya ba ne, kin gane, akwai baƙar da in ta shiga rana za ki ga ja-ja a ƙarƙashin fatarta, akwai wadda za ki ga kamar ruwan zuma, akwai kuma baƙa wuluk mai sheƙi kamar akwai shuɗi a ciki. Za ki ji ana cewa a intanet wai ki duba jijiyar hannunki ko koriya ce ko shuɗiya, mu da yawanmu jijiyar ma ba a ganinta, ki bar wannan. Ni abin da nake yi wa kwastomomina a shago, ina da ɗankunne na gwal da na azurfa, sai in ce ta zo bakin ƙofa inda akwai hasken rana, babu hoda babu komai, ta sa ɗaya a wannan kunnen ɗaya a wancan. Wadda gwal ya haska ta, to ruwan goro, ruwan ɗorawa, ja mai ratsin lemo, koren ganye, ruwan madara, nata ne. Wadda azurfa ta fi zama mata, shuɗi, shunayya, ruwan hanta, ruwan hoda mai ƙarfi, fari tas. Wata kuma duka biyun sun hau ta, wannan Allah Ya hutar da ita.

Masu wankan tarwaɗa ku naku ɗaya ne, ku guji yadin da ya zo kala ɗaya da fatarku sak, daga nesa ba a gane inda wuya ya ƙare riga ta fara. Farare kuma ruwan ɗorawa mara ƙarfi yakan sa ku kamar kun tashi daga ciwo, ku nemi masu duhu, ruwan hanta, kore mai duhu, shuɗi mai duhu.

Yanzu ankonki. Kar ki ƙi sa shi, kar a ce kin ware kanki a bikin dangi, amma ki sani abin da ke kusa da fuska shi ne maganar, zani ko siket ko wace kala ce ba ruwan fuskarki da shi. Mu da muke yafa mayafi ai mun ma fi kowa sauƙi. Ki nemi ɗankwali da mayafi masu rai, ruwan hoda mai ƙarfi yana hawa ruwan toka sosai, ko ruwan hanta, ko shuɗin nan mai haske. Ki kalli maƙwabtanmu Yarbawa in sun yi ashobi, leshi ɗaya ne amma sau da yawa ashoken kai wata kala ce daban, kuma ita take tada kwalliyar. In uwar biki ta ce dole har ɗaurin kai iri ɗaya, to ki ce wa telanki ya yi miki aiki a wuya, duwatsu ko zare mai ruwan azurfa ko wata kala, ko faɗin yatsa 3 ne ya isa ya raba fuskarki da tokar. Kuma don Allah ki ce ya sa miki shafi na auduga a ciki, garin nan da gumi, ruwan toka ba ya rufa asiri, kafin ki sauka daga motar haya ta danfo hammata ta zana taswira.

In za ki sayi mayafin ki tafi da ƙyallen ankon a jaka, kar ki dogara da hoton waya, kyamara tana canza kala, na sha ganin mace ta yi oda ta ga ruwan goro a hoto ya iso ruwan ƙasa. Kuma a kasuwar Balogun shagunan cikin lungu duk kwan lantarki ne, wani fari fat wani ja-ja, komai kyau yake yi a ƙarƙashinsa. Ki ce wa mai shago ki ga kayan a waje, ya haɗa ki da yaronsa in yana tsoro, ki kara a haɓarki ki duba da ɗan madubinki. In idonki ya yi haske, haƙoranki suka yi fari, fuskar ta yi sumul, to shi ne. In kika ga ƙasan idonki ya ƙara duhu ki ajiye musu abinsu ko nawa suka rage.

To maganar mai. Ƙanwata ki ji tsoron Allah ki tausaya wa jikinki. Ni da nake auna mata nake ganin abin da mayafi yake ɓoyewa. Akwai wata baiwar Allah da ta zo min, kyakkyawa ce baƙa lokacin da na fara yi mata ɗinki, bayan kamar shekara 2 ta dawo fuska ja, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, jijiyoyi kore-kore a damtse, na ɗora tef a kafaɗarta na ɗan ja kaɗan sai ga shatarsa ta kwanta ja a fatar, ta yi laushi kamar takarda. Ta ce min Anti yanzu ko girki ba na iya tsayawa kusa da wuta, rana kuma kamar ana zuba min barkono. Kuma abin da ya fi ba ni tausayi, duk kalolin da suke yi mata kyau a da yanzu babu wadda take zama, don fuskar kala 3 ce. Irin mayukan nan wasu akwai sinadarin makuri a ciki mai lalata ƙoda, wasu kuma maganin ciwon fata ne mai ƙarfi da likita ya kamata ya rubuta, shi ne yake sirantar da fata, hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna sun sha yin gargaɗi a kai. Man kaɗanyarki ya ishe ki, ki sha ruwa, ki samu barci satin bikin.

Ni ranar Talata in Allah Ya kai mu zan shiga Eko, wato cikin tsibirin Legas, sayen zare da duwatsu, jirgin ƙasan nan nake hawa daga Agege in sauka Oyingbo sannan in nemi mota zuwa kasuwar Idumota. In kina da hali ki same ni a tashar jirgin Agege ƙarfe 8 da ƙyallen leshin naki, ki zo fuska wanke kar ki shafa komai, mu zaɓa tare. Ga kwastoma ta shigo, sai anjima.