Fatawa: 'Yata ta kamu da son rawar bale ta katun, in hana ta ko in ƙyale ta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ina da yarinya 'yar shekara shida da ƙanenta ɗan shekara uku. Tun da ta fara kallon katun ɗin Barbie a wayata, mai rawar Turawan nan da ake ce wa bale, ba ta da aiki sai ɗage da yatsun ƙafa tana juyi a tsakar ɗaki. Yanzu har ta gano bidiyon mutane na gaske masu wannan rawa. Babansu ya ce duk haramun ne, har waƙoƙin koyon ƙirga da ƙaramin yake kallo, tunda akwai kiɗa a ciki. Ni kuwa gani nake wasan yara ne. Makarantarsu ma ta buɗe ajin koyon rawar bayan an tashi, tana ta kuka sai an sa ta. Malam, mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

'Yar'uwa, ke da maigidanki kowa ya kama gefe ɗaya na gaskiya. Abin da ya haɗa ku jayayya shi ne kun zuba abubuwa daban-daban a ƙwarya ɗaya, alhali hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Juyin da yarinyar take yi a tsakar ɗaki babu laifi a cikinsa, kuma kada a dake ta a kansa. An ɗauke alƙalami daga yaro har sai ya balaga. Rawa kanta motsin jiki ce, hukuncinta yana bin wanda ya yi ta, da inda aka yi ta, da gaban wanda aka yi ta. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da māsu a cikin masallacin Annabi (SAW), Nana A'isha tana kallo ta bayan kafaɗarsa, bai gusa ba sai da ita da kanta ta gaji. A wata riwaya ta Muslim, lafazin da aka siffanta wasan nasu da shi yana nufin tsalle da rawa. Nana A'isha ta rufe labarin da yi mana wasiyya cewa mu riƙa lura da halin yarinya ƙarama mai kwaɗayin wasa. Wannan wasiyya ina so babansu ya ji ta. Iyayenmu mata sun yi gaɗa a dandali da farin wata, sun tafa sun yi tsalle, kuma sun girma da kunyarsu.

Kiɗa shi ne inda maganar take da tsawo. Abin da jumhurun malamai suka tafi a kai, kuma shi ne sananne a mazhabobi huɗu, shi ne haramcin kayan kiɗa irin su garaya, goge da sarewa, ban da ganga mai fuska ɗaya a biki da idi. Hujjarsu hadisin Abu Malik al-Ash'ari da ke cikin Bukhari, cewa za a sami wasu daga wannan al'umma da za su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa. Sun kuma kafa hujja da aya ta 6 a Suratu Luƙman, inda Ibn Mas'ud ya rantse cewa "lahwal hadis" (zancen wargi) da ayar ta ambata waƙa ake nufi. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wurin da Ibn Abi Zaid ya ce bai halatta ka saurari kayan wargi da waƙa da gangan ba. A ɗaya gefen akwai Ibn Hazm, wanda ya ce hadisin Bukharin yankakke ne, wato akwai giɓi a jerin maruwaitansa tsakanin Bukhari da Hisham bin Ammar, malaman hadisi irin su Ibn Salah suka mayar masa da martani cewa hadisin ingantacce ne. Imam Gazali ya sassauta da sharuɗɗa, haka Shaikh Yusuf al-Ƙardawi a zamaninmu.

Ni abin da na rinjayar shi ne maganar jumhur, don haka babansu bai ƙirƙiro wani tsanani daga kansa ba. Sai dai malaman da suka haramta ɗin su ne kuma suka bambance tsakanin ji da saurare. Kalmar da Risala ta yi amfani da ita ma ganganci ce. Wanda ya zauna don jin daɗin kiɗa daban, wanda kiɗa ya ratso kunnensa yana kan wata buƙata daban. An ruwaito cewa Ibn Umar ya ji sarewar makiyayi sai ya toshe kunnuwansa ya kauce hanya, yana tambayar baransa Nafi'u ko har yanzu yana ji, bai ce wa Nafi'u shi ma ya toshe nasa ba. Malamai sun yi magana a kan ingancin wannan riwaya, amma waɗanda suka karɓe ta sun ciro wannan bambanci daga cikinta. Saboda haka shirin koyon ƙirga da haruffa, wanda kiɗa ya zo a cikinsa a matsayin rakiya, ba zan ce kin yi zunubi don ɗan shekara uku ya kalla ba. Idan akwai irinsa marar kiɗa, shi ya fi, kuma akwai: masu shirya katun na Musulunci a Malesiya da Jodan sukan fitar da waƙa ɗaya iri biyu, mai kiɗa da ta murya zalla. Koyarwa da waƙa kuwa gadonmu ce, da ita Nana Asma'u ta isar da ilimi ga mata ta hannun jajis, wato matan da ta horar don su koyar da 'yan'uwansu mata, da ita ake haddace siffofin Allah a Islamiyya har gobe.

Zanen katun ɗin kansa bai dame ni ba. Nana A'isha tana da 'yartsana, har da doki mai fukafukai, Annabi (SAW) ya gani ya yi dariya, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito.

Abin da ya dame ni shi ne bale ɗin, kuma a nan ne nake ganin kin ɗauki abin da sauƙi fiye da kima. Wannan rawa ta taso ne a fadojin Italiya a ƙarni na 15, ta bunƙasa a Faransa inda Sarki Luwi na 14 ya kafa mata makaranta a 1661, daga baya Rasha ta yi fice a kanta. Tun asali an gina ta ne don a yi ta a gaban masu kallo. Shigarta matsattsiya ce domin mai kallo ya ga kowane layi na ƙafa da ƙugu, kuma sau da yawa ƙololuwar wasan ita ce inda namiji zai riƙe ƙugun mace ya ɗaga ta sama. Ban musanta cewa akwai horo da juriya a cikinta ba, masu yin ta sukan shafe shekaru suna wahala. Amma Allah Ya ce a aya ta 31 ta Suratun Nur kada mata su buga ƙafafunsu don a san abin da suke ɓoyewa na adonsu. Idan an hana bugun ƙafa saboda ƙarar munduwa, ina ga rawar da jikin ne gaba ɗaya abin nunawa? Don haka fim ko bidiyon mutane na gaske masu wannan rawa da wannan shiga, bai halatta baligi ya zauna kallonsa ba, namiji ne ko mace, kuma bai halatta ku kunna wa yara ba.

Za ki ce ai ita ba a rubuta mata zunubi. Haka ne, amma ku ana rubuta muku, domin kowannenku makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Hasan ɗan Ali yana ƙaramin yaro ya jefa dabinon sadaka a baki, Annabi (SAW) ya ce masa "kakh, kakh" don ya tofar, ya kuma gaya masa dalili, cewa su ba sa cin sadaka. Yarinyarki saura shekara ɗaya a fara umartar ta da salla, saura huɗu a raba mata shimfiɗa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan gwanar da ta fi burge ta a duniya ita ce mai ɗan guntun siket da ake tafa wa, ranar da kika miƙa mata hijabi za ta ji kamar an ƙwace mata wani abu.

Na katun ya fi sauƙi, domin zane ba al'aura ba ne. Ba na ce masa haramun kai tsaye, amma ina ƙin a mayar da shi abincin kullum, kuma wajibi ne ki zauna ki kalla tare da ita. Da yawa daga cikin waɗannan labarai a kan tsafi aka gina su, boka ya mayar da yarinya tsuntsuwa, soyayyar yarima ta karya sihirin. Irin wannan ya fi kiɗan haɗari, saboda ya taɓa aƙida. Ki kuma kashe wannan tsari da bidiyo yake kunna na gaba da kansa, don ta wannan ƙofa ta fita daga katun ta faɗa kan na mutane. Shi kuwa ƙaramin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a yini.

Ajin makaranta kada ku sa ta. Ƙarshen irin wannan aji wasa ne a kan dandamali ranar bikin makaranta, da wannan shiga, gaban iyaye maza, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Amma kada ku hana ta ku bar ta hannu wofi. Yarinya ce mai son motsi, a nema mata igiyar tsalle, ko iyo, ko wasan motsa jiki na 'yan mata zalla da sutura. Ki koya mata gaɗa, ki tafa mata da kanki ta yi juyinta a gabanki. Shi kuma babansu ya zaunar da ita ya gaya mata dalili da bakin da 'yar shekara shida za ta gane, tun kafin a cire bidiyon daga wayar.

Allah ne Mafi sani.